Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Gudun Harsashi Ba Shi Ke Cin Gasar Harbi Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, na rubuto ne game da bayanin da kuka kawo a shafin wasanni kan gasar harbi da ƙaramar bindiga, wanda na yi murnar ganinsa ƙwarai, domin ba kasafai jaridunmu ke waiwayar wannan wasa ba sai in wani abin mamaki ya faru, kamar yadda hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya ya karaɗe duniya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, yana harbi hannu ɗaya a aljihu har ya samu lambar azurfa. Sai dai akwai magana guda a cikin rubutun da nake roƙon a ba ni dama in gyara, wato inda aka ce gwanayen wannan wasa harsashi mafi gudu suke nema, tunda a cewar marubucin shi ne ke tafiya a miƙe ya sami tsakiya. Magana ce da take kama hankali, kuma kusan kowane sabon shiga da ita yake zuwa, amma abin da ake yi a filin harbi ya saɓa mata.

Ni mazaunin Jamus ne, kuma na daɗe ina cikin wata ƙungiyar wasan harbi ta unguwarmu, ɗaya daga cikin dubban ƙananan ƙungiyoyi da ke ƙarƙashin babbar ƙungiyar maharba ta ƙasa, Deutscher Schützenbund. A nan ba a mallakar bindigar wasa da garaje. Sai mutum ya yi shekara guda cur yana cikin ƙungiya yana zuwa atisaye a kai a kai, ya ci jarrabawar sanin makami da dokokinsa, hukuma ta binciki halinsa, ya kuma nuna yana da akwatin ƙarfe mai makulli irin wanda doka ta amince da shi, sannan a ba shi takardar izini. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san cewa duk abin da zan ambata a nan magana ce ta wasa mai tsari, a fili mai shinge, a kan takardar da aka kafa a nisan mita 25.

Harsashin da ake magana a kansa shi ne wanda ake kira .22 LR, ɗan ƙarami ne mai kaurin wajen milimita 5.6, kuma kan dalmar da ke fita daga bindiga nauyinsa wajen giram 2.6 ne. Abin da ya bambanta shi da manyan harsasai shi ne wurin da wuta ke kamawa. Su manyan suna da ɗan maɓalli a tsakiyar gindi wanda allurar bindiga ke duka, shi kuwa wannan a cikin leɓen gindin kwanson aka zagaya sinadarin da ke tayar da wuta, saboda haka allura gefe take duka, ta matse leɓen tagullar, wuta ta kama albarushi. Wanda ya ɗauki kwanson da aka harba zai ga ɗan tabo a bakin gindinsa, inda allurar ta sauka. Asalin dabarar daga Faransa take, wajen Louis-Nicolas Flobert a 1845; kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da gajeren nau'insa a 1857, sannan kamfanin Stevens ya kawo wannan mai tsawon a 1887. Yau fiye da shekara 130 ke nan, kuma har yanzu da shi ake gasar harbin mita 25 ta maza da ta mata a Olamfik.

Kamfanoni sun kasa shi gida-gida bisa gudunsa. Akwai mai matsakaicin gudu, wanda misalinsa da kowa ya sani shi ne CCI Standard Velocity, an rubuta a kwalinsa ƙafa 1,070 a sakan, wato kusan mita 326. Akwai mai gudu sosai, irin CCI Mini-Mag, ƙafa 1,235 a sakan, wajen mita 376. Sannan akwai na ƙarshe mai tsananin gudu, irin Stinger, wanda aka rage wa nauyin dalma aka kai shi ƙafa 1,640, kusan mita 500 a sakan. Sauti kuwa yana tafiyar mita 343 a sakan idan zafin iska ya kai digiri 20. Da ganin waɗannan alƙaluma mutum zai gane inda aka ja layi: na farko an yi shi ne ya tsaya ƙasa da gudun sauti, sauran biyun kuma su zarce shi.

To, ga abin da mai saye ba ya lura da shi a kanti. Lambar da ke jikin kwali da doguwar bindiga aka auna ta, mai bututun da ya ninka na ƙaramar bindiga sau uku ko huɗu. Albarushin wannan harsashi yana buƙatar bututu mai tsawon inci 16 ko fiye kafin ya gama tura dalmar iyakar ƙarfinsa, alhali bindigar hannu ta gasar mita 25, dokar hukumar harbi ta duniya, ISSF, ba ta yarda bututunta ya wuce milimita 153 ba, wato inci 6, kuma da yawa daga cikin waɗanda mutane ke saye don nishaɗi ba su ma kai haka ba. Saboda haka dalmar tana barin bakin bindiga tun albarushin bai gama aikinsa ba, ragowar ya ƙone a waje, ya zama walƙiya da ƙara. A irin wannan gajeren bututu mai matsakaicin gudu yakan sauko ƙasa da mita 300 a sakan, mai gudu sosai kuma galibi ba ya kai gudun sautin da aka yi masa talla da shi. Wanda ya biya kuɗi don mita 376 a sakan bai samu abin da ya biya ba, kuma babu wanda ya yaudare shi, bututunsa ne bai kai ba.

Mu ɗauka ma ya samu ƙarin gudun da ya rage masa, mu ga abin da zai amfana masa a mita 25. Dalmar da ke tafiyar mita 280 a sakan tana isa takarda cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan, kuma a wannan ɗan lokaci nauyinta na jawo ta ƙasa da wajen santimita 4. Wadda ke tafiyar mita 320 tana sauka da wajen santimita 3. Bambancin ke nan gaba ɗaya, kuma ɗan juya sukurun saiti sau kaɗan ya isa ya share shi, domin maharbi ba ya damuwa da yawan saukar dalma muddin kowace dalma sauka iri ɗaya take yi. Akwai ma wani abu da yake ba sababbi mamaki, wato a bindigar hannu harsashi mai jinkiri sau da yawa sama yake bugawa fiye da mai sauri, saboda ya fi daɗewa a cikin bututu yayin da bakin bindigar ya riga ya fara ɗagawa. Ashe maganar tafiya a miƙe ba ta da wani tasiri a wannan nisa.

Game da gudun sauti akwai bayanin da ake yawan yi wanda gaskiya ne, amma wurinsa doguwar bindiga. Dalmar da ta fita da gudun da ya zarce sauti tana haɗuwa da turjiyar iska mai tsanani, ta yi saurin rasa gudunta, kuma wannan ne ya sa iskar gefe ta fi karkatar da ita fiye da mai matsakaicin gudu, ko da yake hankali zai so ya ce akasin haka. Shi ya sa masu gasar doguwar bindiga a mita 50 ba sa kusantar harsashi mai gudu sosai. A bindigar hannu kuwa, tunda duka biyun galibi ƙasa da sauti suke fita, wannan hujja tana raguwa ƙwarai, kuma bai kamata a dogara da ita ba. Inda take dawowa shi ne a bindigar hannu mai ɗan tsawon bututu, wadda ke fitar da mai gudu sosai daidai bakin iyakar sauti, har mutum ya ji da kunnensa wani harbin ya yi tsawa mai kaifi, na bayansa kuma ya yi ƙara a dushe, duk daga kwali ɗaya. Iyakar ma ba a wuri ɗaya take tsaye ba, domin a ranar da ruwa ke daskarewa sauti mita 331 yake yi a sakan, a zafin digiri 40 kuma ya kai wajen 355.

Abin da gwanaye ke biya da tsada shi ne daidaito. Da'irar maki 10 a takardar harbin natsuwa ta mita 25 faɗinta milimita 50 ne kacal, kuma wanda ke neman lamba yana so ya tabbata cewa idan dalma ta kauce, hannunsa ne ya kauce. Harsashin gasa irin Tenex na kamfanin Eley da ke Ingila, wanda ake yi tun 1951, ko R50 na RWS a Jamus, ko Pistol King na Lapua, dukansu masu matsakaicin gudu ne, kuma abin da ake sayarwa a cikinsu shi ne cewa albarushin kowane ɗaya daidai yake da na ɗan'uwansa, kaurin leɓen ɗaya ne, sinadarin wuta ya zagaye gindin ba tare da giɓi ba, maiƙon da ke jikin dalmar kuma bai fi yawa a wani ba. Kamar mudun awo ne a kasuwa: mai saye bai damu da girmansa ba kamar yadda ya damu da kada ya canza tsakanin awo da awo. Har ta kai manyan maharba ba sa tsayawa ga sunan kamfani, sai sun gwada zubi daban-daban na harsashi iri ɗaya, kowane da lambarsa a jikin kwali, a ɗaure bindigar a marikin ƙarfe a harba, zubin da ramukansa suka fi haɗuwa wuri ɗaya shi za su saya da yawa su ajiye. Kamfanonin nan suna da wuraren gwaji da aka gina musamman don wannan aiki. Harsashi mai gudu sosai kuwa akasarinsa an yi shi ne don farautar ƙananan dabbobi da harbin nishaɗi, ana zuba shi da yawa a sayar da araha, ba a tace shi irin wannan tacewa ba.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurina tana cikin littafin dokokin gasar kanta. A gasar harbin sauri ta maza, maharbi yana tsaye hannunsa a ƙasa, da an ba da alama sai ya ɗaga ya harbi takardu biyar, kowace harbi ɗaya, da farko cikin sakan 8, sannan 6, sannan 4. A cikin sakan 4 ɗin nan duk zaburar da bindiga ta yi a hannu lokaci ne da ya salwanta, domin sai bakinta ya sauko ido ya sake kama saiti kafin a matsa kunama. Shekaru da yawa maharba suna amfani da gajeren harsashin nan na .22 mai rauni, da bututu mai huji a sama don rage ɗagawa, har hukumar ISSF ta hana hakan daga 2005, ta wajabta .22 LR. Da ta san maharba za su koma neman mafi rauni a cikin sabon, sai ta kafa iyaka: nauyin dalma kada ya gaza giram 2.53, gudunta kuma kada ya gaza mita 250 a sakan, kuma alƙalai suna ɗaukar harsashi daga hannun ɗan wasa su auna. Ya Edita, a lura da cewa iyakar ta ƙasa ce. Da gudu ne ke kawo nasara, da ta sama za a kafa. Ralf Schumann na Jamus, wanda ya ci zinare a wannan gasa a 1992 da 1996 da 2004, da Li Yuehong na Sin da ya ci a 2024 a filin harbi na Shatoru da ke Faransa, da Yang Ji-in ta Koriya ta Kudu da ta ci ta mata a wannan shekarar, duk a wasan da ake gudun zaburar bindiga suka yi suna. A nan kam sauri ya haifi nawa.

Duk da haka ba zan ce mai gudu sosai ba shi da wuri ba, domin akwai dalili guda na gaske da ke tilasta wa mutum saye, kuma dalilin yana cikin yadda bindigar ke aiki. Yawancin bindigogin hannu na .22 masu ɗora wa kansu harsashi ba su da wani makulli da ke riƙe ƙarfen sama, wato ɓangaren da ke zamewa baya ya dawo gaba, lokacin harbi. Nauyin ƙarfen da ƙarfin sifirin ɗin da ke bayansa ne kawai ke tsare shi. Da wuta ta kama, ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne ke tura kwanso baya, kwanson ya ture ƙarfen, ƙarfen ya ja da baya ya fitar da kwanson, ya ɗana bindigar, sifirin ya dawo da shi ya kwaso sabon harsashi. Duk wannan aiki da ɗan ƙarfin harsashin da bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba ake yin sa, saboda haka rarar da ke tsakanin isa da gazawa kaɗan ce. Idan ƙarfin bai isa ba, ƙarfen ba ya kai ƙarshen tafiyarsa. Na sha ganin haka a layin harbi: mutum ya matsa kunama bai ji komai ba, ya duba ya ga kwanso a tsaye, ƙarfen ya danne shi a bakin tagar da yake fita, bakinsa na kallon sama, ko kuma ƙarfen ya rufe lafiya lau amma a kan mazaunin harsashi wanda babu komai a ciki, domin bai ja baya sosai ya kama na gaba ba. Wanda wannan ya same shi a tsakiyar gasa ya san cewa daidaiton harsashi ba ya amfanar bindigar da ta ƙi tashi, kuma doka ba ta ba da damar maimaitawa sai kaɗan.

Ƙananan bindigogi masu gajeren bututu, da waɗanda aka ƙera su yi kama da manyan bindigogi don atisaye mai araha, su suka fi wannan hali. Walther P22 da SIG Mosquito sun yi suna a wajen masu su da son harsashi mai gudu sosai, har ita ta biyun da sifirin biyu aka riƙa sayar da ita, a sauya bisa ga harsashin da za a sa. Mai irin wannan bindiga ya ba ta abin da take so, kada ya wahalar da kansa. Amma kafin mutum ya yanke hukuncin cewa bindigarsa ba ta karɓar mai matsakaicin gudu, ya kamata ya duba abubuwa kaɗan. Sabuwar bindiga takan yi tauri, sai ta ci 'yan ɗaruruwan harsasai kafin ta saki jiki. Wannan harsashi kuma yana da datti, maiƙo da toka suna taruwa a mazauninsa su riƙe kwanso, kuma sau da yawa ɗan buroshi da ake zurawa a goge wurin shi ne maganin abin da aka ɗora wa harsashi laifinsa. Riƙon sako-sako ma yana cinye ƙarfin da ya kamata ya tafi ga ƙarfen sama. Sai kuma sanyi, wanda mu a nan muke fama da shi: maiƙon da ke jikin harsashin gasa, wanda ke manne wa yatsu da an buɗe kwali, yana daskarewa a lokacin hunturu, albarushi ma ƙarfinsa na raguwa. Dattawan ƙungiyarmu sukan sa gidan harsashin a aljihun ciki na rigar sanyi har sai an kira layi, kuma bindigar da ta yi gardama da safe sai ta yi aiki sumul.

A ɗaya ɓangaren akwai bindigogin da mai gudu sosai ke yi wa illa, kuma wannan ne ya fi damuna, domin ɓarnar a hankali take zuwa ba a gani. Colt Woodsman, wadda John Browning ya tsara aka fara sayarwa a 1915, an yi ta ne tun kafin a fito da harsashi mai gudu sosai, kuma sai a farkon shekarun 1930 kamfanin ya ƙarfafa ta don ta jure shi. Masu tara tsofaffin bindigogi suna gane wadda aka ƙarfafa ta zanen da ke bayan mariƙinta. Tsofaffin bindigogin gasa na High Standard an san jikinsu na tsagewa idan aka daɗe ana ba su mai ƙarfi, musamman in sifirin ya gaji ba a sauya ba. Bindigogin gasa irin Smith & Wesson Model 41, da Walther GSP, da Hämmerli 208, da Pardini ta Italiya wadda ta cika layin Olamfik a yau, duk an daidaita nauyin ƙarfensu da sifirinsu ne a kan mai matsakaicin gudu, kuma ƙarin ƙarfi ba ya ƙara musu komai sai dukan ƙarfe a kan ƙarfe a ƙarshen kowace tafiya. Shi kuwa Stinger kwansonsa ya ɗan fi na sauran tsawo, saboda haka bai dace da matsattsen mazaunin bindigar gasa ba sam. Tsakanin waɗannan da waɗancan akwai irin su Ruger Mark, wadda asalinta ya fito a 1949, da Browning Buck Mark, waɗanda galibi suke cin kowane iri ba tare da gardama ba. Littafin da ya zo da bindiga shi ne farkon abin dubawa, kuma abin takaici ne yadda mutane da yawa ba sa buɗe shi.

Libarba, wato mai gidan harsashi mai juyawa, ba ta shiga wannan matsala, tunda yatsan maharbi ne ke juya ta. Mai ita ya zaɓi wanda ya fi haɗa masa ramuka kawai.

Shawarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni a ƙungiya ita ce ya fara da mai matsakaicin gudu, kuma kada ya saya da yawa tun farko. Ya ɗauki kwali ɗaya ɗaya na iri uku ko huɗu, har da guda na mai gudu sosai idan littafin bindigarsa ya yarda, ya zauna ya ɗora hannu a kan jakar yashi don ya cire rawar hannunsa daga lissafi, ya harba kowane iri a takardarsa daban. Idan ya sauya iri, kada ya ƙirga 'yan harbin farko, domin bututu sai ya ɗauki maiƙon sabon harsashi kafin ya daidaita. Kada kuma ya yanke hukunci da harbi biyar, tunda sa'a na iya haɗa biyar wuri ɗaya. Ya yi goma goma sau da dama, yana rubuta sau nawa bindigar ta tsaya. Wanda bai tsaya ko sau ɗaya ba kuma ramukansa suka fi matsuwa, shi ne harsashin wannan bindiga, ko da bindigar maƙwabcinsa iri ɗaya ce kuma ta zaɓi wani daban, domin hakan na faruwa ƙwarai. Idan aka yi kunnen doki, ni mai matsakaicin gudu nake ɗauka, saboda ya fi sauƙi a hannu da kunne, kuma ya fi tausaya wa bindiga. Ga sabon shiga ma wannan sauƙin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ƙara mai kaifi ita ke koya wa mutum runtse ido da fizgar kunama, kuma halin da aka koya a watan farko yana da wuyar bari.

Ba sai an sayi mafi tsada ba. Harsashin gasa na sahun farko yana ninka na atisaye kuɗi sau da yawa, kuma wanda hannunsa bai riga ya zauna ba ba zai ga bambancin a takarda ba. Gara ya sayi mai matsakaicin gudu mai sauƙin kuɗi ya yawaita atisaye. Jan ƙarfen da ake shafa wa dalmar mai gudu sosai, wanda ke sa ta ƙyalli a kwali, shafe ne ɗan siriri, ba riga ba ce irin ta manyan harsasai, kuma amfaninsa shi ne rage datti a hannu da sauƙaƙa shiga mazauni. Wanda kuma ya matsa kunama harsashi bai tashi ba, abin da ya fi yawa a masu araha saboda giɓin sinadari a leɓe, ya bar bakin bindiga na kallon takarda na ɗan lokaci kafin ya buɗe, domin wani yakan makara ya tashi.

Akwai wani kuskure da nake jin tsoron wannan bayani nawa ya haifar, wato a ɗauka cewa mai matsakaicin gudu abin wasa ne marar haɗari. Ko kusa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana kisa, kuma dalmar .22 da aka harba sama tana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, shi ya sa ake buga gargaɗi a jikin kwali. Ƙanƙantarsa ce ma take sa mutane sakaci da shi. Haka nan ƙarar bindigar hannu, ko da wane iri aka sa mata, ta isa ta lalata ji a hankali, saboda haka ba a shiga layi sai da abin toshe kunne da tabarau. Sai dalma kanta, wadda ba sai na yi wa mai karatun Hausa dogon bayani a kanta ba bayan abin da gubarta ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ƙurarta na tashi a ɗakin harbi, tana manne wa hannu da tufafi, don haka a ƙungiyarmu ba a ci ba a sha a layi, ana wanke hannu kafin a fita, kuma ba a share ƙasan ɗakin da busasshiyar tsintsiya.

Ga masu karatu da ke gida Najeriya, wajibi ne in ƙara da cewa dokar makamai ta ƙasa, wadda asalinta ta 1959 ce, ta sa bindigar hannu cikin jerin makaman da aka haramta wa jama'a, ba mai riƙe ta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma mallakar harsashi ba tare da izini ba laifi ne mai kai mutum gidan yari. A halin da yankinmu ke ciki na zubar da jini, ba na fatan kowa ya karanta wannan wasiƙa a matsayin kira ga neman makami. Matashin da wasan ya burge shi ƙofarsa ita ce bindigar iska ta mita 10, wadda ba ta amfani da albarushi, ita ce kuma Dikeç ya riƙe a hoton nan, da ita Manu Bhaker ta Indiya ta ci lambobin tagulla biyu a gasar ta 2024. Ita ma tana buƙatar izinin 'yan sanda, kuma a ƙarƙashin ƙungiya mai rajista da mai koyarwa ya kamata a fara ta. Tsayuwa, da numfashi, da matsa kunama ba tare da motsa saiti ba, duk a can ake koyonsu, kuma sai sun zauna sannan zaɓin harsashin .22 zai fara nuna bambanci a takarda.

Ina roƙon a buga wannan a shafin wasiƙu idan akwai fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta ku a kullum, daga Jamus